Dabarun Tokare Jijiyoyin Zuciya Waɗanda Suka Toshe a Mararraba

1.0 Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne bayyana yadda likitocin zuciya suke buɗe jijiyar jini wadda ta toshe daidai wurin da ta rabu gida biyu, ba tare da an tsaga ƙirjin majiyyaci ba. Wannan wuri shi za mu riƙa kira mararraba. Daga cikin ayyukan buɗe jijiyoyin zuciya da ake yi, kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari a mararraba suke faɗawa, kuma su ne suka fi ba likita wahala, su ne kuma suka fi yawan sake toshewa bayan an sallami majiyyaci. Tambayar da ta daɗe tana raba kan masana ita ce, matokari ɗaya za a sa ko biyu? Za mu yi ƙoƙarin nuna cewa amsar tana ga siffar mararrabar da kuma tsawon cutar da ke cikin ƙaramin reshe, domin yawan ƙarfen da aka zuba cikin jijiya bai taɓa zama ma'aunin lafiyarta ba.

Tun da yake ba mu da tsayayyun kalmomin Hausa a wannan fanni, mun zaɓi waɗansu da za mu yi aiki da su. Abin da likitoci suke kira sitent mun kira shi matokari, domin tokare bangon jijiya yake yi daga ciki. Sashen jijiya kafin ta rabu mun kira shi uwa, rassan da suka fita daga gare ta kuwa babban reshe da ƙaramin reshe. Ɗan naman da ya tsaya tsakanin bakunan rassan biyu shi ne harshen mararraba.

2.0 Jijiyoyin da ke ciyar da zuciya

Ko da yake zuciya cike take da jini dare da rana, namanta ba ya ci daga jinin da ke wucewa ta cikin ɗakunanta. Jijiyoyi biyu ne suke ciyar da shi, ta dama da ta hagu, waɗanda suka tsiro daga gindin babbar jijiyar da ke fita da jini zuwa sauran jiki. Ta hagun tana farawa da gajeren kututture, wanda yawanci tsawonsa bai wuce santimita 1 zuwa 2 ba, sa'an nan ya rabu biyu: reshe ɗaya ya gangara ta gaban zuciya, ɗaya ya kewaya ta gefen hagu zuwa baya. Ga yawancin mutane, ta wannan kututture ne kashi uku cikin huɗu, ko fiye, na naman ɗakin hagu na ƙasa yake samun jini, watau ɗakin da ke tura jini ko'ina cikin jiki. Saboda haka toshewarsa tana iya kashe mutum nan take. Daɗin daɗawa, kimanin kashi 80 cikin ɗari na cutar da ake samu a kututturen a bakin mararrabarsa take zama.

Abin da ke toshe jijiya shi ne kitse da ƙwayoyin jiki da alli waɗanda suke taruwa cikin bangonta sannu a hankali, shekara da shekaru. Hawan jini, da ciwon sukari, da shan taba, da yawan kitse cikin jini, su suke hanzarta wannan taruwa. In hanyar ta ƙuntata, mutum yakan ji ƙirjinsa ya ɗaure idan ya yi aikin ƙarfi. In kuwa bangon ya tsage gudan jini ya rufe hanyar gaba ɗaya, sai wani sashe na naman zuciya ya mutu, abin da jama'a suke kira bugun zuciya.

Duk wanda ya lura da kogi a inda ya rabu biyu ya san cewa rairayi ba ya taruwa a tsinin tsibirin da ruwa ke duka da ƙarfi, a gefe yake taruwa inda gudun ruwa ya ragu. Haka abin yake a jijiya. Kitse yakan kwanta a bangon waje na uwa da na rassa, inda jini ke tafiya a hankali yana juyi, harshen mararraba kuwa yawanci yakan tsira.

3.0 Taƙaitaccen tarihi

A 1929 wani matashin likita Bajamushe, Werner Forssmann, ya zura siririn bututu ta jijiyar hannunsa har cikin zuciyarsa, ya ɗauki hoto don shaida. A 1958 Mason Sones na birnin Cleveland a Amurka ya gano cewa ana iya zuba rini cikin jijiyar zuciya a ɗauki hotonta mutum bai mutu ba. A wannan birni ne René Favaloro, mutumin Ajantina, ya kafa tiyatar ratse a 1967, watau a ciro jijiya daga ƙafa a yi wa jini hanya da ita ta bayan wurin da ya toshe. Ran 16 ga Satumba 1977, a birnin Zurich, Andreas Grüntzig ya buɗe jijiyar zuciyar wani majiyyaci da 'yar ƙaramar balan-balan da aka ɗaura a kan bututu.

Balan-balan kaɗai tana da aibu biyu. Wani lokaci bangon yakan tsage ya rufta nan take, sa'an nan kimanin mutum ɗaya cikin uku jijiyarsa takan sake ƙuntata cikin wata shida. Don maganin wannan ne Jacques Puel a Toulouse ta Faransa da Ulrich Sigwart a Lausanne ta Suwizalan suka fara sa matokari a 1986. Matokari ɗan bututu ne na ragar ƙarfe, faɗinsa daga milimita 2 zuwa 5, wanda ake ɗora shi a tsuke kan balan-balan, a kai shi wurin cutar, a hura, ya buɗe ya manne da bango ya zauna har abada. Na farkon su ma sukan toshe, domin tsokar bango tana tofowa ta cikin idanun ragar kamar tabo. A 2002 a Turai, da 2003 a Amurka, aka amince da matokari mai shafen magani wanda ke hana wannan tofo, sai sake toshewa ta faɗo ƙasa da kashi 10 cikin ɗari. Amma a mararraba matsalar ba ta ƙare ba, ga kuma dalili.

4.0 Abin da ya sa mararraba ta fi wuya

Dalili na farko shi ne, matokari miƙaƙƙen bututu ne mai faɗi ɗaya, mararraba kuwa tana da faɗi uku. Tun 1926 Cecil Murray ya nuna cewa akwai ƙa'ida tsakanin kaurin uwa da na rassanta, kuma a 2008 Gérard Finet na Faransa ya sauƙaƙa lissafin: a haɗa faɗin rassan biyu, a ninka da 0.678, a sami faɗin uwa. Alal misali, in babban reshe milimita 3.0 ne, ƙarami 2.5, to uwa za ta kai kimanin 3.7. Idan aka zaɓi matokari daidai da reshe, zai yi lilo cikin uwa, kuma ƙarfen da bai manne da bango ba shi ne matattarar gudan jini. Idan aka zaɓe shi daidai da uwa, zai yi wa reshe yawa har ya iya tsaga shi.

Dalili na biyu shi ne, matokarin da aka shimfiɗa daga uwa zuwa babban reshe dole ya gitta bakin ƙaramin reshe kamar asabari a ƙofar ɗaki. Ban da haka, yayin da ya buɗe yakan tura harshen mararraba ya kwanta a bakin ƙaramin reshen, har ya ƙuntata shi ko ya rufe shi.

Don a sami harshe ɗaya na kwatanta cutar, Alfonso Medina na ƙasar Sifen ya fito da tsari mai sauƙi a 2006. Ana duba sassa uku a jere: uwa, babban reshe, ƙaramin reshe. Duk sashen da ya ƙuntata da rabi ko fiye a ba shi 1, wanda bai kai haka ba a ba shi 0. Ke nan 1,1,1 yana nufin duka ukun sun kamu, 1,1,0 kuwa ƙaramin reshe lafiya lau yake. Inda ƙaramin reshe ya kamu tare da uwa ko babban reshe, watau 1,1,1 da 1,0,1 da 0,1,1, shi ake kira cutar mararraba ta ainihi, kuma a kanta gardamar take.

5.0 Dabarar matokari ɗaya, na biyu sai in ta kama

Ga yadda wannan dabara take. Likita yakan shiga ta jijiyar wuyan hannu ko ta matsematsi, majiyyaci yana farke, ya kai bututun jagora bakin jijiyar zuciya. Sai ya zura siraran wayoyi biyu, ɗaya cikin kowane reshe. Ya zaɓi matokari daidai da faɗin babban reshe, ya shimfiɗa shi daga uwa zuwa cikin reshen. Daga nan ya kawo gajeriyar balan-balan mai faɗin uwa, ya hura ta cikin sashen uwa kaɗai, har zuwa harshen mararraba ba tare da ya wuce shi ba. Wannan mataki, wanda Olivier Darremont na Faransa ya gabatar, shi ke mai da bututu mai faɗi ɗaya ya zama mai faɗi biyu, ya kuma wangale idanun ragar da ke bakin ƙaramin reshe. Wayar ƙaramin reshe ana barinta a danne ƙarƙashin matokari a lokacin aikin, domin in reshen ya rufe ita ce alamar da za a bi a koma.

Bayan wannan sai a zuba rini a duba. Idan jini yana gudu sosai cikin ƙaramin reshe, aiki ya ƙare, ko da bakinsa ya nuna ƙunci a hoto. A 2005 Bon-Kwon Koo na Koriya ta Kudu ya auna ƙarfin jini cikin irin waɗannan rassa, ya tarar cewa daga cikin 73 da hoto ya nuna sun ƙuntata da kashi 75 cikin ɗari ko fiye, 20 ne kawai ƙuncin ya rage musu jini da gaske. Watau ido yakan zuga likita ya gyara abin da bai ɓaci ba, garin neman gira a rasa ido.

Idan kuwa gudun jini ya ragu, sai a sake zura waya ta idon ragar da ya fi kusa da harshen mararraba, a sa balan-balan biyu, ɗaya a kowane reshe, a hura su lokaci guda kafaɗa da kafaɗa. Wannan shi za mu kira hurin tagwaye. Amfaninsa shi ne ya buɗe ƙofar ƙaramin reshe ya kuma mai da harshen mararraba tsakiya. Sai in reshen ya tsage, ko ya ƙi buɗuwa bayan haka, ake sa matokari na biyu.

6.0 Dabarun matokari biyu

6.1 Siffar harafin T. A nan ana dasa matokari na biyu cikin ƙaramin reshe, bakinsa daidai da bangon na farko. Tana dacewa in reshen ya fita a tsaye, kusurwarsa ta yi kusa da digiri 90. In ya fita a karkace, za a bar wani ɓangare na bakin ba rufi, nan ne kuwa cutar ta fi komowa. Don haka a 2007 Francesco Burzotta na birnin Rum ya bayyana gyaran da ake yi, watau a bar matokarin ya ɗan leƙo cikin uwa da milimita 1 ko 2, a gama da hurin tagwaye.

6.2 Siffar wando. Faransawa suna kiranta kulot, watau wando, kuma Bernard Chevalier ne ya bayyana ta a 1998. Matokari na farko yana tashi daga uwa ya shiga reshe ɗaya, na biyu ya tashi daga uwa ya ratsa ta idon na farko ya shiga ɗaya reshen. Uwa ta zama ƙugun wando mai ruɓi biyu, rassan su zama ƙafafunsa. Tana rufe ko'ina ba gibi, amma tana bukatar rassan su yi kusan kauri ɗaya, kusurwarsu kuma ta zama matsattsiya.

6.3 Latsawa. A 2003 Antonio Colombo na birnin Milan ya kawo dabarar fara sa matokarin ƙaramin reshe da jelarsa a leƙe cikin uwa, sa'an nan a buɗe na babban reshe ya latse jelar a jikin bango. Ta tabbatar da cewa ƙaramin reshe ba zai rufe a tsakiyar aiki ba. Aibinta shi ne raga ruɓi biyu tana tare bakin reshen, har wani lokaci waya ko balan-balan ta kasa ratsawa a yi hurin tagwaye na ƙarshe, kuma waɗanda ba a yi musu shi ba sun fi yawan sake toshewa.

6.4 Latsawa da hurin tagwaye sau biyu. Shao-Liang Chen na birnin Nanjing a ƙasar Sin shi ya gyara wannan aibi a 2005. Bayan an sa matokarin ƙaramin reshe, da balan-balan ake latse jelarsa, a ratsa ruɓi ɗayan nan da waya, a yi hurin tagwaye na farko don a share ƙofa. Sa'an nan a sa matokarin babban reshe, a faɗaɗa sashen uwa, a sake ratsawa, a yi hurin tagwaye na biyu, a kuma faɗaɗa uwa a rufe aiki. Matakanta suna da yawa, kowane kuwa wurin kuskure ne ga wanda hannunsa bai faɗa ba.

7.0 Abin da gwaje-gwaje suka nuna

Hankali zai ba mutum cewa in rassa biyu ne suka kamu, matokari biyu ya fi. Gwaje-gwajen farko ba su goyi bayan haka ba. Gwajin Nordic na ƙasashen arewacin Turai, wanda aka buga a 2006 a kan majiyyata 413, bai ga bambanci ba bayan wata shida, sai dai dabarar biyu ta fi cin lokaci da rini da hasken hoto. Gwajin BBC ONE na Birtaniya a 2010, mai majiyyata 500, ya tarar da mutuwa ko bugun zuciya ko gazawar jijiyar ga kashi 8.0 cikin ɗari na masu matokari ɗaya, da kashi 15.2 na masu biyu, cikin wata tara. Da aka haɗa gwaje-gwajen biyu aka bi majiyyatan shekara biyar, an tarar kashi 3.8 na masu ɗaya sun rasu, na masu biyu kuwa kashi 7.0.

Amma yawancin waɗannan majiyyata cutar ƙaramin reshensu gajeriya ce. A 2014 Chen da abokan aikinsa suka fito da ma'aunin rarrabe mararraba mai sarƙaƙiya daga mai sauƙi. Babban sharaɗi shi ne cutar ƙaramin reshe ta kai tsawon milimita 10, ƙuncinta kuma ya kai kashi 70 cikin ɗari in a kututturen hagu ne, ko kashi 90 in a wani wuri ne. Sai a ƙara biyu daga cikin ƙananan sharuɗɗa, kamar taurin alli, ko gudan jini, ko sirancin jijiya ƙasa da milimita 2.5, ko kusurwa ƙasa da digiri 45 ko sama da 70. Gwajin DEFINITION II na 2020 ya ɗauki irin waɗannan kaɗai, mutum 653, sai alƙalami ya juya: gazawar aiki cikin shekara ɗaya kashi 6.1 ga masu matokari biyu, kashi 11.4 ga masu ɗaya.

A kan kututturen hagu kuwa akwai gwaji biyu da suke kamar suna karo. DKCRUSH-V na 2017, mai majiyyata 482, ya ba dabarar Chen kashi 5.0 na gazawa, dabarar matokari ɗaya kashi 10.7. EBC MAIN na Turai a 2021, mai majiyyata 467, ya sami kashi 14.7 ga masu farawa da ɗaya, da 17.7 ga masu biyu, bambancin da bai kai a kafa hujja da shi ba, kuma kusan mutum ɗaya cikin biyar ne kawai na rukunin farko ya bukaci matokari na biyu. Idan muka duba majiyyatan sai saɓanin ya warware. A gwajin farko tsawon cutar ƙaramin reshe ya kai kimanin milimita 16, a na biyu kimanin 7. Kazalika likitocin gwajin farko sun daɗe suna yin dabarar tasu kafin a soma. Ke nan gwaje-gwajen biyu abu ɗaya suka koyar: gajeriyar cuta matokari ɗaya ya ishe ta, doguwa mai tsanani a reshe mai girma tana bukatar biyu tun daga farko, a hannun gwani.

8.0 Leƙa cikin jijiya, tiyata, da magani

Hoton rini inuwa ce kawai, ba ya nuna ko ƙarfe ya manne da bango, ko ta wane idon raga waya ta bi. Yanzu akwai na'urori da ake zurawa cikin jijiyar su ɗauki hotonta daga ciki, wata da sauti wata da haske. Gwajin OCTOBER, wanda likitocin Denmak suka jagoranta aka buga a 2023, ya bi majiyyata 1,201 masu mararraba mai sarƙaƙiya har shekara biyu. Manyan matsaloli sun sami kashi 10.1 na waɗanda aka yi wa aiki da na'urar haske, da kashi 14.1 na waɗanda aka dogara ga hoton rini.

Lalle ne kuma mu faɗi cewa ba kowace toshewa ake tokarewa ba. In cutar ta bazu cikin jijiyoyi da yawa, musamman ga mai ciwon sukari, tiyatar ratse ta fi ɗorewa. Shi ya sa likitan bututu da likitan tiyata suke zama tare su duba hotunan, a kuma bayyana wa majiyyaci hanyoyin biyu kafin ya zaɓa.

Bayan aiki, ƙarfen baƙo ne cikin jini har sai fatar jijiya ta rufe shi. Saboda haka akan ba majiyyaci magunguna biyu masu hana jini yin guda, asfirin da wani irin su kulofidogirel, yawanci wata 6 in cutar a kwance take, wata 12 in bayan bugun zuciya ne, sa'an nan a ci gaba da ɗaya. Wanda ya ji sauƙi ya ajiye maganin da kansa a watannin farko yana iya samun gudan jini cikin matokari, kuma in a kututturen hagu ne da wuya ya kai asibiti. Wannan batu ya shafi malaman kiwon lafiya kai tsaye, domin ɗaliban da muke koyarwa su ne za su zauna da irin waɗannan majiyyata a gida da unguwa.

9.0 Kammalawa

A taƙaice, mun ga cewa wahalar mararraba daga siffarta take: faɗi uku, da ƙofar reshe da raga ke gittawa, da harshe mai gocewa. Mun bayyana dabarar matokari ɗaya da dabaru huɗu na matokari biyu. Mun kuma nuna cewa ga yawancin majiyyata farawa da ɗaya ya fi aminci, biyu kuwa an keɓe su ga ƙaramin reshe mai girma wanda cutarsa ta kai milimita 10 ko fiye. Kowace aka zaɓa, faɗaɗa sashen uwa da leƙa cikin jijiya suna rage haɗari, shan magani kuma shi ke riƙe abin da aka gyara. Kalmomin da muka yi amfani da su, kamar matokari, da harshen mararraba, da hurin tagwaye, shawara ce muka kawo gaban wannan taro, muna roƙon masana harshe da likitoci su duba su, su gyara inda ya kamata, don a sami waɗanda za a shigar cikin littattafan makarantu.